Gajiyar da Barci Ba Ya Kore Ta: Jinyar Yayana Mai Ciwon Dajin Ƙwaƙwalwa

Yayana malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma yana da shekara 52 lokacin da aka gano yana ɗauke da ciwon dajin ƙwaƙwalwa mai saurin girma wanda likitoci ke kira glioblastoma. Ni na riƙe fayil ɗinsa tun daga asibitin garinmu har zuwa ranar da Allah ya karɓi abinsa. Na ga ya dace in rubuta yadda jinyar ta gudana daki-daki, domin a duk ofishin da muka shiga an yi mana bayanin tiyata da gashi (wato ƙona ƙarin da hasken na'ura) da ƙwayoyi da kuɗinsu, amma abin da ya fi cin rayuwarsa ta yau da kullum, wato matsananciyar gajiya da mutuwar jiki, sai da tafiya ta yi nisa kafin wani ya zaunar da mu a kansa. Iyalin da suka san da zuwan wannan gajiya tun farko za su fi iya tsara gidansu da aljihunsu da tafiye-tafiyensu.

Abin ya fara ne a ƙarshen daminar 2023 da ciwon kai mai tsanani da asuba, wani lokaci har da amai, sannan da wata kasala da ba mu san shi da ita ba, domin mutum ne da ke tashi daga makaranta ya wuce gona. Ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro, ya sha na taifot, an kuma auna hawan jini aka ce da ɗan abin da ba a rasa ba. Ɗalibansa ne suka fara lura cewa yana tsayawa a tsakiyar lissafi ya rasa inda ya kwana, kuma rubutunsa a allo ya fara karkacewa. Ranar da jijjiga ta kama shi a ɗakin malamai aka garzaya da shi babban asibitin garin, inda likita ya ce mutumin da bai taɓa farfaɗiya ba idan ta fara masa a irin waɗannan shekaru, dole ne a ɗauki hoton kansa. Aka tura mu wata cibiya mai zaman kanta aka yi hoton CT, hoton ya nuna ƙari a gefen dama tare da kumburi a kewayensa, nan take aka rubuta mana takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, aka kuma ɗora shi a kan maganin jijjiga mai suna carbamazepine.

A asibitin koyarwa sai da muka yanki kati muka buɗe fayil, sannan muka tarar cewa likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suna da ranar da suke duba marasa lafiya na waje, kuma wanda bai ajiye katinsa da sassafe ba yana iya wuni a benci har la'asar. Likitan ya ce hoton CT bai isa ba, sai an yi MRI wanda ake yi wa mutum allurar ruwan da ke haska ƙarin, kuma kafin allurar sai an gwada lafiyar ƙoda. Kuɗin wannan hoto kaɗai ya kusa cinye albashin Yaya na wata guda. Ina ba duk wanda ya je wannan mataki shawarar ya karɓi faifan hoton tare da rubutaccen rahoto, ya kuma ɗauki hoton kowace takarda a wayarsa, saboda kowane likita na gaba faifan yake nema. A ranar ce aka fara ba shi dexamethasone don rage kumburin, kuma cikin 'yan kwanaki ciwon kan ya ɗauke, ya ci tuwo ya ƙoshi, ya yi ta raha da yara, har Hajiyarmu ta fara cewa ai kuwa an dace da magani, me ya kai mu ga fasa kai. Sai da likita ya yi mana bayani cewa maganin kumburin kawai yake saukarwa, ƙarin yana nan yana girma.

Shirin tiyata shi ne ya fi kai-komo. An ba mu jerin gwaje-gwaje, an nemi mu kawo masu ba da jini daga cikin dangi, an ce mu biya kuɗin ajiya na ɗakin kulawa ta musamman tun da sai akwai gado a can kafin a shiga da shi, sannan aka ba mu takardar kayan aiki da za mu saya a waje. 'Yan uwa suka yi karo-karo, ƙungiyar malaman makarantarsu ta kawo gudummawa, muka sayar da wani fili da ya ajiye. Kafin ya sa hannu a takardar amincewa, likitan ya faɗa masa a fili cewa irin wannan ƙari yana cusa saiwoyinsa cikin lafiyayyen naman ƙwaƙwalwa, don haka za a cire iya abin da za a iya cirewa ba tare da an shanye masa ɓarin jiki ba, ba za a iya cire shi duka ba. Bayan aikin aka miƙo mini wata 'yar kwalba da guntun abin da aka ciro a cikin ruwan magani, aka ce in kai ɗakin binciken nama da kaina in karɓi rasit. Jiran sakamakon ya ɗauki makonni, kuma a cikinsu Yaya yakan yi barci mai yawa, amma duk mun ɗauka na wanda aka yi wa babban aiki ne, kuma a lokacin hakan ne.

Ranar da sakamako ya fito Yaya ya ce shi za a gaya wa, ba ya son a yi ta raɗa a bayansa. Likitan ya ce ciwon yana mataki na 4, mafi tsanani a rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma tun bayan sabon tsarin da hukumar ta fitar a 2021 ana ƙara wani gwaji mai suna IDH kafin a tabbatar da sunan ciwon. Ya ambaci wani gwajin kuma, MGMT, wanda ke nuna ko ƙwayar maganin za ta fi yi wa mutum aiki, amma ya ce sai an aika da samfurin waje kuma ba zai sauya abin da za a yi masa ba, sai muka bar shi. Maganin da ake bi a duniya, in ji shi, ya samo asali ne daga binciken da Roger Stupp da abokan aikinsa suka buga a 2005, wanda ya nuna cewa haɗa gashi da ƙwayar temozolomide ya kai matsakaicin tsawon rayuwar marasa lafiya zuwa wata 14.6, a maimakon wata 12.1 ga waɗanda aka yi wa gashi kaɗai. Gwiwata ta yi sanyi da jin waɗannan alƙaluma. Shi kuwa Yaya, da yake malamin lissafi ne, sai ya ce wa likitan, "Wato rabin mutanen sun wuce haka ke nan," likitan ya ce ƙwarai kuwa. Hajiya dai a hankali muka sanar da ita, ta bakin ƙaninta.

Cibiyoyin gashi a Najeriya 'yan kaɗan ne, a arewa akan ji sunan Zariya da Sakkwato da Abuja, kuma kafin a ɗauki marar lafiya a mota wajibi ne a fara bugawa a tabbatar na'ura tana aiki da kuma tsawon layin da ke gaba, domin likitoci sun fi son a fara gashin cikin makonni shida bayan tiyata. Mun tambayi asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, aka ce mana a lokacin ya shafi ciwon dajin nono da na bakin mahaifa da na prostate da ke kama maza ne kawai. Saboda haka daga aljihu muka biya, a shekarar da aka cire tallafin man fetur darajar naira kuma ta faɗi, farashin temozolomide yana hawa daga wannan saye zuwa wancan. Idan aka haɗa gashi da ƙwaya da masauki da mota, lissafin ya shiga miliyoyin naira. A cibiyar da ta karɓe mu sun nemi rahoton tiyata, da sakamakon binciken nama, da faifan hotunan kafin aiki da na bayansa. Aka jiƙa wata ragar roba a ruwan ɗumi aka shimfiɗa masa a fuska har ta sandare da siffar kansa, da ita ake ɗaure kan a gado don kada ya motsa, aka sake ɗaukar hoton tsara gashin, muka koma masauki muka jira kira. Tsarin shi ne zama 30 cikin mako shida, Litinin zuwa Juma'a, tare da shan ƙwayar kullum har Asabar da Lahadi, ciki babu abinci, bayan an sha maganin hana amai, kuma ba a buɗe kwanson ƙwayar. Shi aikin gashin bai fi 'yan mintoci ba, zaman jira ne ke cin wuni, kuma akwai lokacin da na'urar ta tsaya muka yi zaman jiran injiniya ana ci gaba da biyan kuɗin ɗaki.

Wajen mako na uku sumar kansa ta fara zuba a gefen da ake gasawa, a nan ne kuma gajiyar ta bayyana da ainihin kamanninta. Zai kwana ya tashi kamar bai runtsa ba. Na ga ya ɗebo loma ya tsaya da ita a hannu tsakanin kwano da baki, ya runtse ido, sannan ya mayar da ita ya ce a ɗauke kwanon, ba don ya ƙoshi ba sai don tauna ta zame masa aiki. Wanka kaɗai yakan kwantar da shi har azahar. Hira ma tana gajiyar da shi, musamman idan mutum biyu suna magana a lokaci guda ko rediyo yana kunne, sai ka ga ya juya fuska bango. Amma duk ranar ganin likita, da an ce masa "Malam, ya jiki?" sai ya gyara zama ya ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi," likita ya duba sakamakon jini ya rubuta cewa yana jure magani, a kira na gaba. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma godiya ga Allah abu ne mai kyau, sai dai likita mai mutum hamsin a ƙofa ba zai tsaya tono abin da ke bayan "da sauƙi" ba. Wata dattijuwar malamar jinya ce ta lura da yadda nake tallabo shi zuwa benci, ta zo ta tsuguna a gabansa ta ce, "Malam, ba gaisuwa nake yi ba. Idan sifili shi ne garau kake, goma kuma ita ce gajiyar da ba ka taɓa jin irinta ba, yau kana nawa?" Ya yi shiru jim kaɗan ya ce takwas. Ta ce daga bakwai zuwa sama ana lissafa ta mai tsanani ce, kuma dole likita ya sani. Ita ce ta sa na sayi ƙaramin littafi ina rubuta makin safe da na yamma, da awannin barcinsa, da abin da ya ci, da lokacin shan kowane magani.

Da muka shiga da littafin, sai ganin likitan ya sauya. Ya ce wani kaso na gajiyar daga shi ciwon dajin ne da gashin, wannan sai haƙuri da dabara, amma akwai abubuwan da ke ƙara mata nauyi waɗanda ake iya gyarawa, kuma su ake fara nema. Aka duba yawan jini da ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta da masu tsayar da zubar jini, tun da temozolomide yana rage su, aka duba suga da gishirin jiki da aikin hanta, aka kuma yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, wanda a ƙasarmu ba a tsallake shi. Abu biyu suka fito. Sugansa ya hau sosai saboda dexamethasone, ga shi kuma 'yan uwa suna ta aiko da zuma da lemon malt wai don ya samu ƙarfi. Sannan sinadarin sodiyam, wato gishirin jiki, ya yi ƙasa, abin da carbamazepine kan jawo, sai aka sauya masa zuwa wani maganin jijjiga mai suna levetiracetam a hankali. Wannan ya fi tsada, kuma an gargaɗe mu cewa yana iya kawo gyangyaɗi da saurin fushi, gargaɗin da ya yi wa matarsa amfani daga baya lokacin da ya fara yi mata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. An kuma dawo da shan dexamethasone zuwa safe da rana, domin wanda yake sha da dare shi ke hana shi barci. Na tambayi ko akwai ƙwayar da ke kore gajiyar gaba ɗaya, likitan ya ce an gwada magungunan wartsakarwa a kan masu irin wannan ciwo, har da wani babban gwaji a Amurka kan armodafinil, ba a ga wani amfanin a zo a gani ba. Ƙarin ruwan da mutanenmu suka yi imani yana dawo da ƙarfi ma ya ce ba shi da wani tasiri ga wanda yake iya sha da bakinsa. Bayan waɗannan gyare-gyare makinsa ya sauko zuwa biyar ko shida, kuma a wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mun koma gida a tsakiyar hunturu da tunanin cewa tun da an gama gashi ƙarfi zai dawo. Ƙarfin bai dawo ba, sai ma bayan 'yan makonni ya shiga wani irin barci na kusan dukan wuni, a tashe shi ya ci kaɗan ya sake komawa. Hankalinmu ya tashi, wasu suka fara zancen sammu, na buga wa likitan a tsorace. Ya yi mini tambayoyi game da ciwon kai da amai da zazzaɓi da raunin ɓarin jiki, ya sa aka sake gwajin jini, sannan ya ce wannan sanannen abu ne da kan biyo bayan gashin ƙwaƙwalwa kuma yakan wuce da kansa. Ya wuce ɗin kuwa, sannu a hankali.

Abin da ya fi ba mu wuya a gida shi ne 'yan dubiya, kuma ina faɗin haka da sanin cewa dubiya sunna ce kuma zumunci ne. Yaya mutum ne na jama'a, tsofaffin ɗalibansa kaɗai sun isa su cika soro. Duk wanda ya shigo sai ya yunƙura ya tashi zaune, ya ba shi hannu, ya amsa gaisuwa har ƙarshenta, ya tambayi iyali, ya saurari labarin wani da ya yi irin ciwon da kuma mai maganin da ya kamata a gwada. Kafin azahar ya ƙare, yaransa kuwa da suke dawowa daga makaranta sai su tarar da uba ba ya ko iya buɗe ido. Malamar jinyar nan ta taɓa ce mini ƙarfinsa kamar kuɗin cefane ne da ba su da yawa, idan aka kashe su da safe babu na dare, don haka sai an zaɓi abin da za a saya. Ni ƙane ne, ba ni da bakin da zan tare manya a ƙofa, sai muka roƙi Hajiya da kawunmu suka ɗauki nauyin. Kawu yakan zauna a soro ya karɓi gaisuwa ya yi godiya, a yi addu'a a nan, sai bayan la'asar a shigar da mutum biyu ko uku na ɗan lokaci. Liman ma ya taimaka da ya ambata a masallaci cewa taƙaita zama yana cikin ladubban dubiya. Wasu sun ji haushi, amma a makon farko Yaya ya zauna da ƙaramin ɗansa suka yi aikin gida na lissafi.

Akwai kuma raunin da ba gajiya ba ne ko da yake yana kama da ita. Doguwar shan dexamethasone tana cinye naman cinya da na kafaɗa, fuska ta kumbura ƙafafu su sirance. Idan zai tashi daga tabarma sai ya fara durƙusawa, ya dafa gwiwa da hannu ɗaya, ya dafa bango da ɗayan, ya yi yunƙuri biyu kafin ya miƙe. Ban-ɗaki na tsugunno ya gagare shi, kuma kunya ta hana shi faɗa har sai da matarsa ta gane yana rage cin abinci ne don gudun shiga. Kafinta ya yi mana kujera mai rami da madafi, aka ɗaga katifarsa a kan gado, aka sa masa kujerar roba a wurin wanka. Likita ya riƙa rage maganin kaɗan-kaɗan, ya kuma ja mana kunne cewa ba a daina shi farat ɗaya ko da ya ƙare a gida, domin hakan yana da haɗari. Ma'aikacin sashen motsa gaɓoɓi ya koya masa tashi da zama a kujera da ɗan tattaki a tsakar gida da sanyin safiya, ya ce yawan kwanciya yana ƙara gajiyar, yana kuma jawo daskarewar jini a ƙafa, wadda dama ta yi yawa a masu wannan ciwo. Batun salla ya dame shi ƙwarai har sai da wani malami abokinsa ya tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, cewa a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe.

Bayan hutun wata guda aka fara mataki na biyu na shan ƙwayar, kwana biyar ana sha a cikin kowane kwana 28, da niyyar yin zagaye shida, kuma kafin kowane zagaye sai an gwada jini. Littafin nan ya nuna mana cewa gajiyar tana da tsari: tana tsananta a ƙarshen kwanakin sha da makon da ke biye, sannan ta sassauta. Da wannan muka riƙa ajiye duk wani abu mai muhimmanci, kamar zuwa banki ko aski ko ganin hukumar likitoci da ta duba batun hutunsa na aiki, a mako na uku da na huɗu. Azumin 2024 ya zo a watan Maris cikin zafi, ya so ya ɗauka, likita ya ce maganin jijjiga ba ya son a saɓa lokacinsa, malamai kuma suka ba shi fatawar ya ciyar. Hoton MRI na farko bayan gashi ya nuna kamar abin ya ƙaru, amma aka ce a watanni ukun farko tasirin gashin da aka yi masa yakan yi kama da girman ƙari, sai a jira hoto na gaba. A kowace ziyara ina ganin likita yana rubuta wata lamba a gefen fayil, da na tambaya ya ce ma'aunin Karnofsky ne, daga 100 zuwa sifili: 70 na nufin mutum yana kula da kansa amma ba ya iya aiki, 50 kuma yana bukatar taimako mai yawa. Da wannan lamba suke yanke shawarar ko jiki zai ɗauki ƙarin magani.

Hoton da ya biyo baya ya tabbatar da cewa ciwon ya dawo, lambar kuma ta sauko. Likitan ya lissafa abin da ya rage, wato sake tiyata ko sauya magani, ya kuma faɗi gaskiya cewa babu wanda zai warkar, kuma kowanne zai ci ƙarfi da kuɗi da kwanaki a hanya. Sannan ya yi tambayar da nake ganin tun farko ya kamata a riƙa yi wa kowane marar lafiya: me kake so ka iya yi a lokacin da ke gabanka? Yaya ya ce yana son ya kwana a ɗakinsa, ya je Juma'a ko sau ɗaya a wata, ya kuma halarci ɗaurin auren 'yarsa ta fari da hankalinsa. Na ce, "Yaya, ko mu ƙara gwadawa, kuɗi ba za su gagara ba." Ya ce ba kuɗin yake ji ba, kwanakin yake ji. Aka tura mu sashen kula da masu ciwon da ba ya warkewa, wanda mutane da yawa ke gudu don suna ɗauka wurin sallama ne. A can ne aka fi ba mu lokaci. Suka rage magungunan da ba su da sauran amfani, suka rubuta masa mofin na ruwa (maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi) don ciwon kai tare da maganin sakin ciki, tun da mofin yana ɗaure ciki, suka koya mana yadda ake juya shi a gado da abin da za a yi idan jijjiga ta zo: a kwantar da shi a gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. An matso da auren, ya huta kwanaki kafin ranar, ya zauna a kujera ya ba da 'yarsa da bakinsa. Ya rasu a gida bayan wasu watanni, Allah ya jiƙansa da rahama.

Ba zan tsallake matarsa ba, domin ita ma ta kusa kwanciya. Ita ke tashi da dare, ita ke wanki da girki da kula da yara, kuma duk mai shigowa jikin Malam yake tambaya. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a madafa sannan dangi suka raba kwana, ƙannenmu mata suka karɓi girki, ni da wani ɗan uwa muka karɓi dare bi da bi.

Ga wanda yake farkon wannan hanya, abin da ya fi muhimmanci shi ne ya kai gajiya gaban likita kamar yadda yake kai ciwon kai ko amai, da lamba da misali: ya ce jiya bai iya gama wanka ba, ko ya yi barcin awa goma sha shida. Mai jinya ya shiga tare da marar lafiya, ya nemi izininsa tun a gida cewa zai faɗi abin da ya gani, don kada ya ji an kunyata shi. A nemi a duba jini da suga da gishirin jiki da zazzaɓi da yanayin barci da damuwar zuciya kafin a ce ai ciwon ne kawai, domin baƙin ciki mai zurfi yana shiga rigar gajiya kuma yana da magani. Kada a kira shi rago, kada kuma a hana shi taɓa komai; ɗan aikin da yake so kuma yake iyawa a bar masa. Addu'a da tofi da rubutu ba su hana magani, amma duk wani jiƙo ko gari da aka kawo a nuna wa likita tukuna, tun da hanta da jini suna ɗauke da nauyin ƙwayar.

Akwai kuma alamun da ba a jira ranar asibiti a kansu, ko da sun zo da kamannin gajiya: barcin da aka kasa tashin mutum daga gare shi, ciwon kai mai tsanani da amai, sabon rauni a ɓarin jiki, zazzaɓi a lokacin da ake shan temozolomide, kumburin ƙafa ɗaya ko sarƙewar numfashi, da jijjigar da ta wuce minti biyar. Idan marar lafiyar dattijo ne ko jikinsa ya riga ya yi laushi, iyali su tambayi likitan gashi game da gajeren tsari na zama 15 cikin mako uku, wanda aka gwada a kan masu manyan shekaru, domin yana rage zaman masauki da wahalar hanya. Takardar zuwa sashen kula da masu ciwon da ba ya warkewa kuwa ana iya nemanta tun ana cikin gashi, ba sai magani ya ƙare ba, kuma likitan da ke duba marar lafiyar ne ke rubuta ta.